YARON DA YA KARE KANSA DA HANNU

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Asabar ɗin da ta wuce na je gida. Garinmu yana tsakanin Bichi da Dambatta ne, irin ƙauyukan nan da ba ka gane inda wani ya ƙare wani ya fara, gona ta haɗe da gona, babu ko taku ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi. Ɗan yayana ya daɗe yana damuna a waya cewa shi da abokansa sun fara wani aiki a tsangayar bakin gari, yana so in zo in gani. Na san ma'anar "ka zo ka gani" a bakin matashi, don haka na sa 'yan kuɗi a aljihu, niyyata in miƙa, in sa albarka, in wuce gona.

Su goma sha ɗaya ne. Wasu ɗalibai ne a kwalejin ilimi ta Bichi, biyu suna kwalejin noma ta Audu Bako a Dambatta, akwai mai aski, akwai mai gyaran waya, sauran sun gama karatu suna jiran abin da Allah zai yi. Tun shigowar hunturu, duk Asabar suke zuwa da sabulu da man shafawa da maganin ƙazwa. Su ɗora ruwa a tukunya, su yi wa ƙananan almajirai aski, su yanke musu farce, su wanke musu kaya. Ba su da suna, ba su da rajista, ba su da riga iri ɗaya. Abin da ya fara burge ni ke nan.

Ina tsaye muna gaisawa da Alaramma aka gama yi wa wani yaro aski. Ba zai wuce shekara bakwai ba. Mai askin ya kakkaɓe masa gashi, sai ya ɗaga hannu zai shafa masa kai, kamar yadda kowa yake yi wa ƙaninsa. Kafin hannun ya sauka yaron ya duƙe, ya rufe kansa da hannu biyu, ya runtse ido. Ba kuka ya yi ba, ba gudu ya yi ba. Shiryawa kawai ya yi.

Wurin ya yi tsit. Mai askin ya tsuguna ya ce, "Ɗan ƙanina, ba dukanka zan yi ba fa." Yaron ya leƙo ta tsakanin yatsunsa. Sai da aka ɗauki lokaci kafin ya sauke hannun, shi kuma saurayin ya jawo shi jikinsa ya riƙe. Da farko yaron ya sandare kamar icce. Ban san minti nawa aka yi ba. Na dai san lokacin da na dawo daga duba randar ruwansu, yaron ya yi barci a jikinsa, da rana tsaka, ana ta hayaniya.

Ban je gonar ba ranar.

Tun daga nan nake tambayar kaina, yaushe rabon wannan yaron da wani babba ya taɓa shi ba don duka ba, ba don ture shi daga bakin ƙofa ba? Kuma kada wani ya yi saurin ɗora wa Alaramma laifi. Dattijo ne da na sani tun ina yaro, ɗalibansa sun haura sittin, ba albashi, da gonarsa yake ciyar da iyalinsa. Hannu biyu gare shi. Laifin da nake son magana a kai namu ne, ni da ku, kuma bari in fara da kaina.

A gidana na Kano akwai almajirin da ya yi shekara uku yana zuwa. Yana ɗebo ruwa, yana zubar da shara, ana zuba masa abinci safe da dare. Da sallah ina ɗinka masa kaya. In an tambaye ni, zan ce ina kyautata masa, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma ranar Asabar ɗin nan, a hanyar dawowa, na yi ta lalube a kaina ko na taɓa ba shi hannu mun gaisa, ban tuna ko sau ɗaya ba. Robarsa ake karɓa a zuba, a ajiye a ƙasa, ya ɗauka. Ko kuɗin aike, sakar masa nake yi a tafin hannu daga sama. "Almajiri" nake kiransa, yarana ma haka. Sunansa na sani, amma ban san garinsu ba sai daren nan da na tambaye shi. Ashe daga wani ƙauye yake ta wajen Kunchi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga garinmu.

To ka ga irin sadakar da muka iya. Muna bayarwa, wallahi muna bayarwa, ba na jin akwai wanda zai ce Bakano ba ya ciyarwa. Amma daga nesa muke bayarwa, kamar mai jefa wa kaji tsaba.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a ofis ranar Litinin: wai runguma ba al'adarmu ba ce, abin Turawa ne da 'yan fim. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mu mutanen kunya ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, uba ba ya wasa da shi a gaban mutane. Wanda ya karanta littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin tsohuwar aka buga a 1954, zai ga wannan kunyar ta daɗe. Ni kaina ɗan fari ne. Har mahaifina ya koma ga Allah ban tuna ranar da ya rungume ni ba, kuma ban taɓa shakkar yana sona ba.

Amma a duba da kyau. Al'adar da ta hana uwa nuna wa ɗan fari so a fili, ita ce ta tanadar masa kaka. Ni a ɗakin kakata na tashi, a cinyarta nake barci, ita take shafa mini man gyaɗa a kaushi da hunturu, ita take tsokanata da "mijina". Akwai goggo, akwai inna, akwai yaya mai goyo. Jaririn Bahaushe yana shafe kusan shekara biyu a bayan uwarsa kafin yaye, yana jin ɗuminta tana daka, tana tafiya rijiya. Wace runguma ce ta kai goyo? Mutanenmu ba su taɓa barin yaro babu jikin da zai jingina ba, sun dai rarraba aikin ne tsakanin mutanen gida. Wanda ya ce taɓa yaro da tausayi baƙon abu ne a wurinmu, rabin al'adar ya riƙe ya yar da rabi.

Shi kuwa yaron tsangaya, an ɗauke shi daga duk waɗannan hannuwan yana ɗan shekara shida ko bakwai. A da ma abin da sauƙi. A yankinmu, bayan kaka, in an cika rumbu, malam yake fita da yara cin rani, in damina ta kawo kai su dawo gona. Wata biyar, wata shida. A inda suka sauka kuma kowane yaro yana samun uwar ɗaki, matar da za ta san ya kwana da zazzaɓi, ta duba masa kai in ya yi ƙwarƙwata. Yanzu gado ya yayyanka gonaki, abin da kakanmu ya noma shi kaɗai yau mutum goma ne a kai, hatsin gida da yawa ba ya kaiwa watan azumin tsofaffi in ya faɗo nesa da kaka, balle ya ga sabuwar damina. Uba ya kai yaro, ba don ba ya sonsa ba, sai a yi shekara biyu, uku ba a waiwaye shi ba. Uwar ɗaki kuma ta zama mai ba da aiki, kamar gidana.

Sannan mu da muke cewa addini ne gaba da al'ada, me muka karanta? Hadisin Aƙra'u ɗan Habis yana cikin Bukhari da Muslim. Ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya yi mamaki, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da aka ba shi kowa ya haddace ta, an nuna masa cewa rashin jinƙai ne, ba jarumta ba. Annabi ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Akwai kuma ruwayar mutumin da ya kai kukan bushewar zuciya, aka umarce shi da abu biyu: ya ciyar da miskini, ya shafi kan maraya. Mu mun ɗauki na farkon mun bar na biyun. Kuma ku lura, maganin na mai shafawar ne, zuciyarsa ce ba ta da lafiya.

Masu binciken zamani ma inda suka biyo suka ɓullo ke nan, sai dai ta hanya mai ɗaci. A ƙasar Romaniya, bayan an kifar da Ceausescu a Disambar 1989, duniya ta ga gidajen marayun gwamnati cike da dubban yara. Akwai gado, akwai ɗan abin da za a sa a baki, babu mai ɗaukarsu. 'Yan jaridar da suka shiga sun ba da labarin ɗakuna cike da jarirai amma shiru, don yaran sun gane kuka ba ya kawo kowa. Daga shekarar 2000 wasu masana uku daga Amurka, Nelson da Fox da Zeanah, suka bi rayuwar yara 136 daga irin waɗannan gidajen a Bukares. Rabi aka mayar da su hannun iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda suka samu mai riƙo sun fi sauran a kaifin ƙwaƙwalwa da magana da iya shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara biyu. Kafin su, a shekarun 1950, Harry Harlow ya gwada da 'ya'yan birai: ya ƙera musu uwa biyu, ɗaya ta waya mai ba da madara, ɗaya ta tsumma mai laushi. Ɗan birin ya je ya sha madara ya dawo ya ƙanƙame ta tsumman, in ya tsorata ma wurinta yake gudu. A Bogota ta ƙasar Kolombiya kuwa, a 1978, da kwalaben renon bakwaini suka yi ƙaranci, likitoci suka fara ɗaura jaririn a ƙirjin uwarsa fata da fata. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara yin haka da zarar an haifi bakwaini. Abin da kakata take yi da zani ba tare da ta san sunansa ba.

Ban ce almajirin tsangaya daidai yake da jaririn Romaniya ba. Namu ya sha goyo, ya san ɗumin uwa kafin a raba su, kuma yana da 'yan'uwansa almajirai da suke kwana a matse da juna. Abin da na ɗauka daga binciken shi ne cikin yaro zai iya cika alhali yana cikin wata yunwar, kuma wannan yunwar tana barin tabo.

Yanzu bari in juyo kan matasa, don da ku nake.

Alhamdu lillahi, a 'yan shekarun nan ƙungiyoyin matasa masu taimako sun yi yawa, musamman da azumi. Ina yabawa, kuma ba zan raina ko ƙullin ƙosai ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Sau nawa muka ga an jera yara a rana, an ba kowa robar shinkafa ya riƙe a ƙirji, an ce kada a buɗe sai an gama ɗaukar hoto? Sau nawa muka ga budurwa ko saurayi ya je gidan marayu ranar zagayowar haihuwarsa, ya ɗauki jariri ya rungume, aka ɗauka, aka sa a Instagram da 'yar waƙa mai sa kuka, daga nan ba a sake ganinsa ba sai baɗi? Wannan rungumar ta wa ce? Masu aikin kula da yara sun daɗe suna gargaɗi a kan haka: yaron da kullum sabuwar fuska take zuwa ta rungume shi ta tafi, abu biyu yake koya, ko dai ya liƙe wa duk baƙon da ya gani, ko ya daina yarda da kowa. Na farkon ma ya fi haɗari, don shi mugu yake nema.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa a fita kawai a yi ta rungumar yara ba. Abin da ya sa yaron nan ya yi barci a jikin mai aski ba ƙarfin rungumar ba ne. Asabar ta bakwai ke nan yana ganin fuskar. Ya gan shi ya zo, ya tafi, ya dawo. Ko da hakan ma sai da ya kare kansa. Da baƙo ne daga birni da kyamara, da zai tsaya ne kamar gunki har a gama, ya karɓi robarsa. Runguma tana da daraja ne in ta fito daga wanda zai dawo mako mai zuwa.

Akwai kuma maganar da ba ma son yi, amma dole a yi ta. Ba kowane hannu ne mai tsarki ba. Ba mu manta da abin da aka bankaɗo a gidajen mari a 2019 ba, daga Rigasa a Kaduna zuwa Daura, da irin abin da yaran suka faɗa da bakinsu. Yaron da iyayensa suke nesa, ba shi da wanda zai kai wa ƙara, shi ne abincin mugu. Na tambayi ɗan yayana yadda suke yi da wannan, amsarsa ta kwantar mini da hankali fiye da yadda na zata. Ya ce, "Baba, dokarmu ce ba wanda zai keɓe da yaro. Komai a filin tsangaya, a gaban Malam. Wanka manyan almajirai ne suke yi wa ƙanana, mu ruwa da sabulu ne namu. Yaron da ba ya so a taɓa shi, a ƙyale shi." Ya ce ba sa ɗaukar fuskar kowa a waya, kuma ba sa karɓar wanda ba a san gidansu ba. 'Yan matan da suka nuna sha'awa kuma an haɗa su da matan aure suna zagaya gidajen da aka bar marayu, mata da ƙananan yara. Babu wanda ya kai su bita a otal, su suka zauna suka tsara.

Kuma ba lallai sai runguma irin ta fim ba. Ka ba shi hannu ku gaisa kamar mutum. Ka kira sunansa. Ka zauna a tabarmarsa ka ce ya biya maka allonsa, in ya yi daidai ka dafa kafaɗarsa. Ka sa hannu a kwano ɗaya da shi, ko sau ɗaya. Na ga wani cikin samarin nan yana shafa wa yaro man ƙazwa a tsakanin yatsu da hannunsa, babu yatsine. In ka san yadda mutane suke janye rigarsu in mai ƙazwa ya matso, za ka san abin da wannan yake nufi a wurin yaron.

Wani abokina ya ce mini duk wannan shafa mai ne a kan gyambo, gwamnati ce ya kamata ta yi aikinta. Ban musa ba. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san nauyin da yake kanmu, na kuma san saurin tafiyar fayil. A Fabrairun 2020 gwamnatin Ganduje ta hana bara a titi. Da korona ta zo a shekarar, jihohin Arewa suka yi ta lodin almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, kowa ya ga yadda aka yi ta miƙa yara kamar kaya. A Mayun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. A Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ne ba sa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Mu ci gaba da matsa wa hukuma lamba, haƙƙinmu ne, kuma babban gyara yana can: uba ya riƙe ɗansa a gida, ya yi allo da safe ko da dare a garinsu, ya kwana a ɗakin uwarsa. Amma yaron da na gani shekararsa bakwai ne yau. Kafin hukuma ta gama zama ya zama gardi. Kuma ko gobe aka gina masa aji mai bene, babu kasafin kuɗin da yake da layin shafa kai. Wannan aikin maƙwabci ne.

Ina kuma tunanin gaba. Yaron da ya tashi bai san hannun babba ba sai na duka da na kora, in ya kai shekara ashirin, mu da muka kore shi daga ƙofa me muke sa ran zai ji a kanmu? Ba ina cewa almajiri ɗan ta'adda ba ne, na tsani wannan maganar, yawancinsu sun fi 'ya'yanmu haƙuri da ladabi, kuma daga cikinsu alarammomi da 'yan kasuwa suke fitowa. Amma shi ma zai yi aure ya haihu, kuma abin da aka zuba masa shi zai zuba.

Kafin in bar tsangayar na miƙa wa ɗan yayana kuɗin da na zo da su. Ya karɓa ya yi godiya, sai ya ce, "Baba, kuɗin za su yi amfani, amma mun fi buƙatar manya su riƙa zuwa. In yaran suka ga mai furfura ya zauna da su, daban ne." Na ce furfurar tawa guda nawa ce, ɗan nema? Ya yi dariya. Na yi masa alkawarin Asabar biyu a wata.

Da na koma Kano da daddare na tarar da almajirin gidana a bakin ƙofa yana jiran abinci. Na miƙa masa hannu. Ya dubi hannun, ya dube ni, ya waiwaya bayansa ko da wani nake. Sannan ya goge tafinsa a riga, ya kama da hannu biyu yana rusunawa. Babban ɗana yana tsaye yana kallonmu, shekararsa goma sha huɗu, shi ma ɗan fari. Na wuce ta gefensa zan shiga, sai na tsaya na dafa kansa. Ya ce, "Abba, lafiya?"

Asabar mai zuwa da shi za mu je. Wanda yake yankin Bichi, Dambatta ko Makoda kuma yana da tsohon bargo ko rigar sanyi ta yara, ya yi mini magana ta akwatin saƙo kafin Juma'a. In kuma da hali, ya zo da kansa ya kawo.